Shekarar Farin Soso

Rakiya, wannan babin naki ne fiye da na 'yan'uwanki. Ranar sunan ɗanki kina raba waina a tsakar gida, na ji kin ce wa yayarki da a ce Baba ya yarda ya kai mu Kano lokacin da aka neme shi, da wataƙila Umma tana nan da ranta. Ba ki san ina zaure ba. Ban ji haushi ba, ban kuma amsa ba, domin ba magana ba ce da ake yi a tsaye. Yanzu na zauna, ga yadda abin ya kasance.

A wancan lokaci ni mai faci ne a bakin tashar Maigatari. Abin da na mallaka bai wuce famfo da guduma da ƙarafan cire taya ba, sai wani babban jak na ɗaga manyan motoci da maigidana ya bar mini. Ku duka kun san mahaifiyarku da surutu da dariya, har kukan ce muryarta ce take tashinku ba zakara ba. Amma akwai lokacin da ba haka take ba. Bayan yayyenki biyu, Allah ya ba mu jarirai biyu a jere, ya kuma karɓi abinsa tun ba su yi zaune ba. Da aka binne na biyun sai ta yi shiru. Ba ciwo ba ne da za ka nuna wa likita. Tana shara, tana girki, tana salla a kan lokaci. In ka gaishe ta ta amsa, daga nan babu ƙari. Iya, mahaifiyata, ta yi ta karɓo rubutu, ta ɗauke ta ta mayar da ita gidansu a Ɗanzomo ta yi kwanaki cikin danginta, aka dawo da ita yadda aka tafi da ita. Haka muka ci damina biyu. Gidan da mutum biyar ke ciki, amma in ka tsaya a ƙofa sai ka ɗauka an yi tafiya.

A shekarun nan, bayan an yanke mana jihar Jigawa, kasuwar Alhamis ta cika da kayan wuta: rediyo mai kaset, talabijin, fanka, firji. 'Yan kasuwa ba sa son kwali domin yana cin wuri a mota. Sai su farke shi a bayan kasuwa, su naɗe kayansu da tsumma, su watsar da farin soson nan da ake kewaye kaya da shi don kada su fashe. Kwalin dai mata suna kwashewa su hura wuta. Soson ne babu mai so. Ba ya ruɓewa, ruwa ba ya cin sa, in an ƙona shi baƙin hayaƙinsa ya hana unguwa numfashi. Iska ta riƙa farfasa shi tana kai shi gonaki da kara, inda ake tara dabbobi. Kaji su tsattsage ƙwayoyinsa su ɗauka gero ne, tumaki su haɗiye. Mu ma tunkiyarmu ta kumbura ta mutu, da aka buɗe cikin, fari fat.

Maƙwabciyarmu ita ce Maman Ladi, Kirista daga wajen Filato, mijinta malamin asibiti ne da aka turo garinmu. Tana sayar da zoɓo mai sanyi, kuma ita ce ta fara gane cewa in ta jera soson a cikin akwatinta ƙanƙara takan wuni ba ta narke ba. Wata rana da hantsi ta shigo gidanmu da wani falle, ta ari wuƙa, ta durƙusa tana yankawa. Ina zaure ina liƙe tif ɗin taya. Wanda bai taɓa jin kukan soson nan a bakin wuƙa ba, ba zai gane ba. Ƙara ce mai shiga har cikin dasashi. Iya ta zabura daga tabarmarta ta toshe kunnuwa.

"Ke Maman Ladi, wace irin fitina ce wannan? 'Yan haƙoran da suka rage mini kike so ki zubar?"

"Haba Iya, waɗanda suka rage ai ba aikin da suke yi. Gara su fita su huta."

"Ja'ira! Da su nake cin goron da mijinki ba ya saya mini."

Sai na ji dariya daga madafa. Gajeruwa ce, kamar wadda ta kuɓuce wa mai ita. Na ajiye tif ɗin. Ban leƙa ba, don kada ta gan ni ta ji kunya ta mayar da abinta. Maman Ladi ma ta ji. Washegari sai ga ta da buhu guda, ta ce wuƙarta ba ta ci. Ni kuwa na wasa mata wuƙar nan da kaina makon da ya wuce. Ta miƙa wa mahaifiyarku wani falle ta ce, "Asabe, riƙe mini nan." Ta riƙe.

Daga yanka wa akwati aka koma tarawa. Wani direba ya gaya wa Maman Ladi cewa akwai masu narka irin wannan a Kano, suna yin wasu kayan roba da shi, kuma suna saye. Ta bi gida-gida. Matan da suka yi asarar kaji ba su buƙaci lallashi ba. Tsofaffi suka riƙa fita bayan kasuwa ranar Juma'a da safe da buhunan algarara, waɗanda ba sa fita kuma suka karɓi aikin tsincewa da kakkaɓe ƙasa. Tsakar gidanmu ta fi faɗi, saboda haka nan aka mayar wurin tari. Kafin wata ya ƙare ba ka ganin ƙofar rumbu. Muka roƙi direban nan ya ɗauka, tun da ba kaya yake komawa da shi ba. Muka cika motar har sama, muka ɗaure da igiya, unguwa ta fito kallo. Bayan kwana biyu ya dawo, tun daga nesa yake dariya.

"Malam Isa, iska kuka loda mini. Mai sayen ya ɗora a sikeli, allura ta ƙi motsi. Ya ce in gaya muku shi nauyi yake saye, ba girma ba. In ba za ku danne shi ba, kada ku ƙara wahalar da mota."

Ni abin da na ji tsoro ba asarar ba ce. Na ji tsoron matan su watse, tsakar gida ta koma yadda take. Na tafi Gagarawa Tasha wurin wani abokina mai walda, muka yanko ƙarfen tsohuwar mota, muka haɗa akwati mai murfin da yake shiga ciki, da gada a sama inda jak zai tokara. Na ɗauko shi a amalanke. Matan suka kewaye shi, Maman Ladi ta raɗa masa suna Dannau. Muka cusa soso, na sa jak na yi ta bugawa har murfi ya kusa kai ƙasa. Muka yi murna. Ina sassauta jak sai soson ya biyo murfin yana tasowa kamar ƙullin da ya kwana. Muka ɗaure da igiya, ya kumbura ta gefe. Muka yayyafa masa ruwan rijiya kamar yadda ake wa ƙasar tubali, ruwan ya gangare ya bar shi. Har Iya aka ɗora a kan wani dunƙule ta zauna tana jan carbi, tana tashi ya bi ta.

"Ni dai na gaya muku," in ji Iya, "abin nan ba na Allah da Annabi ba ne. Abin da aka danne shi ya ƙi dannuwa, ai sai a bar shi."

Mahaifiyarku tana tsugune a bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Malam, in muna matsar gyaɗa, tunkuza ba ta yin laushi sai an zuba mata ruwan zafi. A gwada masa tafasasshe mana. Kuma kada a ɗaga ƙarfen sai ya huce."

Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinta har na manta. Ko da ta ce a zuba masa miya, da na zuba. Aka ɗora rabin duro a kan duwatsu, ruwa ya tafasa, muka kwarara a kan soson da aka farfasa, na danne da sauri, muka bar shi. Da la'asar na sassauta jak. Bai taso ba. Muka zazzago shi dunƙule guda mai kusurwa huɗu, Maman Ladi ta ɗaga, ta ce kai, wannan kam ya san an haife shi. Ta sauke ta rungume mahaifiyarku, su biyu suka faɗi a kan buhuna.

Wannan rani shi ne wanda nake kewa. In na rufe ido yanzu ina jin sa: kukan soso a hannun mata, tururi yana tashi, Iya tana faɗa da kowa a kan itacenta, Maman Ladi tana yi wa matan dariyar yadda suke tsoron jak, su kuma suna kwaikwayon Hausarta. Ƙananan ƙwayoyin suna manne wa kowa a gira da ɗankwali, har a tuwo mukan tsinta. Mahaifiyarku ce mai hukuncin ruwa. Ba a kwarara sai ta duba ta ce ya yi. Da farko da kai take nunawa, daga baya ta fara cewa bai yi ba, can kuma sai ga ta tana faɗa da wadda ta yi gaggawa. Ranar Alhamis nakan tafi da jak tasha saboda manyan motoci, sauran kwanaki kuwa na bar musu, in mota ta zo in aiko a karɓa. Sau da yawa saƙon da ake dawo mini da shi shi ne, an ce a ce maka bai huce ba, direba ya jira. Direbobi suna zagi, ni ina murmushi, ba su san dalili ba. Bayan kasuwa ya yi fes. Wani Bafulatani mai kawo tumaki kara ya tambayi gidan, ya aiko wa matan da ƙwaryar nono. Mota ta sake tafiya Kano, wannan karon mutumin bai kore ta ba.

Ana cikin haka Alhaji Mamman ya kira ni. Shi ne mai manyan motocin da suka fi ba ni aiki. Ya ce ya buɗe gareji a Kano, yana son wanda zai riƙe masa ɓangaren taya, kuma ni ya zaɓa. Akwai ɗaki a gidan ma'aikatansa, ga makarantu, ga babban asibiti ana tafiya da ƙafa. Ya ce in ba shi amsa kafin ruwa ya sauka. Ba zan ɓoye muku ba, na so. Duk mai faci a bakin hanya mafarkinsa ke nan. Iya ma ta so, don ƙanwata tana aure a can. Na gaya wa mahaifiyarku bayan sallar azahar, tana kakkaɓe ɗankwalinta. Ta tsaya, ta dubi Dannau, ta dube ni.

"Duk inda ka ce, Malam."

Kashegari ta sauko da kwanukanta na jere ta fara ɗaurewa a tsohon zane. Matan suka zo aiki, aka ɗora ruwa, aka tambaye ta ko ya yi, ta gyaɗa kai. Kwana uku ban ji ta yi wa kowa faɗa ba.

Na tafi Kano na ga wurin. Garejin ya fi yadda aka faɗa. Ɗakin kuma a bene yake, taga ɗaya, tana kallon bangon wani gida. Na tsaya a ciki da rana tsaka, na saurara. Akwai mutane a kowane ɗaki, amma kowa ƙofarsa a rufe. Na ƙiyasta ta a nan daga fitata da safe har dawowata, yara suna makaranta, ba tsakar gida, ba wanda ya san abin da ta binne. Na dawo ban yanke komai ba. Ina isowa tasha na tarar da Maman Ladi a rumfata, ta ajiye akwatin zoɓonta a kan wata taya. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba.

"Malam Isa, ba roƙon jak na zo ba. Ka bar mana ko ka tafi da shi, ma haɗa kai mu nemi wani. Aiki ba zai mutu ba."

"To, me ya kawo ki cikin rana haka?"

"Na zo in gaya maka abin da ita ba za ta gaya maka ba, ko za a yanka ta. Ka san ta. Jiya na ɗora ruwan da ko ɗumi bai yi ba, da gangan, na ce Asabe ya yi? Ta ce ya yi."

Ta ɗauki akwatinta ta aza a ka. Har ta juya ta ce, "Matarka ce, ba tawa ba. Amma ni na ji ranar da ta fara dariya, kai ma ka ji."

Alhamis ta zagayo, na sami Alhaji Mamman a inuwar motarsa, na durƙusa na yi godiya, na ce ya yi mini afuwa, ba zan iya ba. Ya tambayi dalili. Na ce iyali. Ya ce ai da iyalin ya ce in tafi. Na rasa yadda zan yi in gaya wa mutum kamarsa cewa matata ta fara yi wa mutane faɗa a kan ruwan zafi, ni kuma ba na so ta daina. Ya ce, "An gaya mini ka mayar da jak ɗinka na matsar shara. Ban yarda ba, ashe gaskiya ne. Allah ya ba da sa'a." Bai zage ni ba, mutumin kirki ne. Amma daga ranar motocinsa suka koma wurin wani, kuma wanda ya tafi Kano a madadina, kun san gidan da ya gina. Mu kuwa kun san yadda kuka tashi. Yayanku ya so ya wuce sakandare, ban iya ba. Iya ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Da na koma gida ranar, na same ta a ɗaki zaune kusa da ƙunshin kwanuka. Na ce ta kwance kayan nan.

"An ɗaga tafiyar ne?"

"An fasa."

Ba ta yi godiya ba, ba ta tambaye ni dalili ba, har ta bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba. Ta tashi ta gyara ɗaurin zanenta ta fita. Ina nan zaune na jiyo ta daga tsakar gida:

"Wa ya ɗora wannan ruwan? Ko shayi ba zai dafa ba! Maman Ladi, ke ce ko? A ƙaro itace!"

Bayan shekara aka haife ki, Rakiya, kika rayu. Aikin soso ya ci gaba har ya kai matan Gumel suna aiko da nasu. Kina da shekara biyar ciwon ciki ya kama ta cikin damina. Muka kai ta Gumel, likita ya duba ya ce aiki ne, kuma sai Kano. Muka sami mota. Ina gaba, ita tana baya, kanta a cinyar Maman Ladi. Na san lissafin da kike yi, domin ni ma na yi shi a wannan motar, na kuma yi shi shekaru bayan haka: da muna can, asibitin da ƙafa ake zuwa. Ba ni da amsar da zan ba ki a kan wannan. Allah ne ya san kwanan kowa, amma ba zan fake da haka in ce nisan hanya ba komai ba ne. Na san abin da na ajiye a Kano ranar da na ce wa Alhaji a'a. Abin da nake so ki sani kawai shi ne abin da na zaɓa a madadinsa, kuma ido buɗe na zaɓa.

Tun daga Gumel take magana. Muryar ta yi ƙasa, amma ba ta tsaya ba. Ta ce a cire dunƙulen da ke cikin Dannau kada ya kwana biyu ya manne. Ta ce a yi miki kitso kafin Juma'a, kuma a riƙe ki da kyau don kina da cizo. Ta ce wa direba yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ya yi dariya yana share ido. Mun wuce Gagarawa kaɗan ta kira ni.

"Malam."

"Na'am."

"Ka yi shiru da yawa. Ka ce wani abu mana."

Na juyo ina neman abin da zan ce. Kafin in samu, Maman Ladi ta ɗora hannu a kafaɗar direba ta ce ya tsaya.

Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa ta huta.